Muhawara: Ka kama kifin bas ka mayar da shi ruwa, kiyayewa ce ko wasa da rai?

Kawu Bakabe: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, kuma ba zan sakaya ta ba. Wannan ɗabi'a da yaranmu suka koya wurin mutanen ƙasar nan ta Amurka, a sayi lasisi, a sayi sandar fatsa mai tsada, a ƙona mai har bakin tafki, a kama ƙaton kifin bas, a ɗaga shi a yi hoto, sannan a jefa shi ruwa a dawo gida hannu rabbana, ni a wurina wasa da rai ne, kuma almubazzaranci ne. Kifi abinci ne. In ba ci za ka yi ba, me ya kai ka huda masa baki? Baban Khalifa, da kai nake. Na ga hotonka na jiya.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam Kawu, Allah ya ƙara girma. Da ma na san ba zan sha ba. Amma wancan na hoton, ko ina so ban isa in tafi da shi ba. A tafkin Fork na kama shi, gabas da Dalas a jihar Teksas, kuma dokar wurin ita ce duk bas ɗin da tsawonsa ya faɗa tsakanin inci 16 da inci 24 sai ka mayar da shi nan take. Nawa inci 21 ne. In jami'an kula da namun daji suka buɗe kulata suka gan shi, tara ce mai zafi.

Kawu Bakabe: Wannan doka ce ta ɗaure maka hannu, ban ce komai a kai ba. Waɗanda ba su kai inci 16 ba fa, da dokar ta ce ka ɗauka har biyar a rana? Guda nawa ka kai wa Maman Khalifa?

Baban Khalifa: Ko ɗaya, Kawu.

Kawu Bakabe: To ka ji.

Auta: Tirƙashi! Yaya, yau kai ne a bakin ƙugiya.

Baban Khalifa: Auta, rufe min baki. Kawu, a yi min haƙuri in ɗan ja zancen, don abin yana da asali. Su ma Amurkawa ba da sakin kifi suka taso ba. Bas mafi girma da aka taɓa rubutawa a ƙasar nan, wani saurayi manomi mai suna George Perry ne ya kama shi a Jojiya ranar 2 ga Yunin 1932, fam 22 da oza 4, wato kilo 10 da 'yar ɗoriya. Ya kai shi gidan waya aka auna, ya wuce da shi gida aka soya, iyali suka cinye abinsu. Lokacin ana cikin tsananin talauci, ba wanda ya ga baƙinsa.

Abin da ya canja shi ne yawan masu kamun da irin kayan aikinsu. A 1967 wani ɗan inshora daga Alabama, Ray Scott, ya shirya gasar kamun bas a tafkin Beaver na jihar Arkansas, mutum 106 suka shiga, kowa ya zuba dala 100. Daga nan ya kafa ƙungiyar masu kamun bas mai suna B.A.S.S., gasa ta bazu ko'ina. A farkon nan kashe kifin ake yi, a jibge shi gaban ma'auni, mutanen garuruwan bakin ruwa suna kallo ransu yana ɓaci, wai baƙi sun zo da jirage masu inji za su ƙarar musu da tafki. A 1972 Scott ya fito da kiran cewa kada ka kashe abin da ka kama, aka fara sa wa jiragen gasa tankin ruwa mai injin iska, inda kifi zai zauna da ransa har a auna shi a sake shi. Daga wurin 'yan gasa abin ya shiga jinin kowa.

Ni kuma abin da nake dubawa, bas ɗin da ya kai fam 10 ya daɗe a ruwa, sau da yawa wajen shekara goma, kuma irin waɗannan ƙattin kusan duk mata ne, su ke ɗauke da ƙwai mai yawa. In na cinye ta yau da dare, shi ke nan, ta ƙare a cikin mutum huɗu. In na sake ta, za ta saka ƙwai da bazara, wani uban ma ya zo da ɗansa ya kama ta. Hukumar Teksas ma tun 1986 take da shirin karɓar aron duk bas ɗin da ya kai fam 13 daga hannun wanda ya kama, a kai ta wurin ƙyanƙyasa, a zuba 'ya'yanta a tafkuna. Fork ɗin nan da kuke ji, a nan aka kama mafi girma a tarihin jihar a 1992, fam 18.18. Ba da tukunya aka kai ga haka ba.

Kawu Bakabe: Tarihi ya yi kyau, ɗana, amma ba Bakabe za ka koya wa kiyaye ruwa ba. Tun 1934 ake bikin kamun kifi na Argungu a yadda duniya ta san shi. Ruwan Matan Fada a rufe yake duk shekara, Sarkin Ruwa na sa ido, ba wanda ya isa ya jefa ko fatsa. Ranar da aka buɗe, dubban mutane su faɗa da homa da gora, a yi abin da bai fi awa guda ba, a fito. A 2005 kifin da ya ci gasa kilo 75 ne, sai da mutum huɗu suka ɗaga shi kan ma'auni. Mun bar kifi ya girma hankali kwance, ranar da muka taɓa shi kuwa ci za mu yi. Ku kun buɗe ruwa kullum, kifi ba hutu, yau wannan ya huda shi, gobe wancan, sannan ku ce tausayi ne.

Ɗan Maraɗi: Gafara dai manya, ɗalibi zai sa baki. Karatun kiwon kifi da kula da ruwa nake yi a nan Alabama, kuma abin da zan faɗa ba zai yi wa Yaya daɗi ba. Ka ga kifi ya kaɗa wutsiya ya nutse, ba shi ne ya rayu ba. Wani masani a Teksas, Gene Wilde, ya tattara bayanan gasannin bas na shekaru masu yawa ya fitar a 1998. In aka haɗa waɗanda suka mutu kafin a auna da waɗanda suka mutu kwanaki bayan an sake su, sama da kifi ɗaya cikin huɗu ne ke tafiya. Babban mai laifi zafin ruwa ne. Ruwa mai ɗumi iskar oksijin ɗinsa kaɗan ce, ga kifi ya gaji da kokawa, ga shi an cushe shi a tanki da 'yan'uwansa tun asuba har la'asar. Shi ya sa wasu gasannin yanzu, kamar na Major League Fishing, a cikin jirgi ake auna kifin a mayar da shi nan take.

Wanda aka saki nan take ya fi samun tsira nesa ba kusa ba, wannan gaskiya ne. Amma shi ma akwai irin da ba ya kai labari. Bas ya haɗiye tanar roba har maƙogwaro, ka ɗago shi ka ga jini yana fitowa ta ƙarƙashin kumatunsa yana gangarowa kan farin cikinsa. Ko ka jawo shi daga zurfi da sauri, jakar iskar da ke cikinsa ta kumbura, idanu su firfito, ka sake shi ya kasa nutsewa, yana ta juyi a kan ruwa ciki sama. Irin wannan, in doka ta yarda ka ɗauka amma ka jefa shi don kada a ce ka kashe bas, kunkuru ka ciyar kawai.

Baban Khalifa: Ƙanina, wannan na 'yan gasar Yuli da Agusta ne da waɗanda ba su iya ba. Ni kafin in jefa ƙugiya sai na sa filaya na danne ɗan ƙayar nan ta bakinta, don ta fita ba yaga. Kafin in taɓa kifi sai na jiƙa hannuna, saboda yauƙin jikinsa shi ke tsare shi daga cuta, busasshen hannu kuwa goge shi yake yi. Babba ba na rataye shi da leɓe kamar yadda ake yi a hotuna, don nauyinsa na iya gurɗe masa muƙamuƙi, hannu ɗaya a baki, ɗaya a ƙarƙashin ciki. In ƙugiya ta yi zurfi ba na tono, zaren nake yankewa. Kuma ina riƙe numfashina tun daga fitar da shi, in na ji ina bukatar iska to shi ma haka, sai ruwa. Sannan kai ka fi ni sanin binciken tafkin Ridge na jihar Ilinoy, inda aka yi wa kowane kifin da aka kama alama. Akwai bas ɗaya da aka kama sau 16 a shekara guda. Da saki kisa ne, ta ina zai kai na 16?

Kawu Bakabe: Inna lillahi. Sau 16! Kai da bakinka ka kawo min hujja. A huda bakin bawan Allah sau 16 a shekara, kuma wannan ne abin alfaharin?

Auta: Kawu, shi ma kifin da kwaɗayi. Sau ɗaya ai ya isa mai hankali.

Ɗan Maraɗi: Auta, wasa kake amma ka taɓo ainihin binciken. David Philipp da abokan aikinsa ne suka yi shi. Da aka janye ruwan tafkin a 1980 an samu bas sama da 1,700, kuma wajen 200 daga ciki ba su taɓa cizon ƙugiya ba ko sau ɗaya. Sai aka ware masu saurin cizo aka haɗa su aure, aka ware masu wayo su ma, aka bi zuriyarsu. Ashe abin gado ne. A nan Yaya yana da gaskiya: in kullum masu cizo ake kwashewa a kai tukunya, a hankali ruwa zai koma na masu taka-tsantsan zalla.

Sai dai ga inda nake ja da shi. Tun shekarun 1940 Homer Swingle na jami'ar Auburn ya nuna cewa ƙaramin tafki yana da iyakar nauyin kifin da zai iya ciyarwa. Bas mafarauci ne, abincinsa ƙananan kifaye, musamman wani mai kama da karfasa da suke kira bulugil. In ba a cire bas ko kaɗan, sai su hayayyafa su cinye abincin, kowa ya tsaya cak. Na sha ganin irinsu a kududdufan gonaki a nan: ƙaton kai, jiki siriri, ciki a lotse, inci 10 ko 12, ka ɗauka ɗan bana ne alhali ya shekara huɗu ko biyar. Mai gonar yana murna wai duk jifa sai ya kama, bai san yunwa ce ke sa su cizo ba. Dokar Fork da Yaya ya kawo ma, ai da gangan aka bar ƙasa da inci 16 a buɗe, don a rage ƙanana, na tsakiya su samu abinci su zama ƙatti. In kowa ya ƙi ɗaukar ƙananan, rabin dokar ne kawai ke aiki. Yanzu ma'aikatan kifi a jihohi da dama roƙon mutane suke su riƙa tafiya da ƙananan bas gida, mutane sun ƙi, don an riga an cusa musu cewa cin bas abin kunya ne.

Kawu Bakabe: Allah ya yi maka albarka, yaro. Ko gero in ya fito da yawa a rami ɗaya ragewa ake yi, in ka ji tausayinsa ka bar shi duka, kara za ka girbe.

Baban Khalifa: Kududdufin gona daban, Fork daban. Fork ya fi eka 27,000, kuma jirage ba sa yankewa a kansa. In kowane jirgi ya tafi da biyar kullum, a gaya min abin da zai rage.

Ɗan Maraɗi: Ba wanda ya ce kowa, kullum, Yaya. Amma daga biyar zuwa babu ai akwai lambobi a tsakani.

Maman Iman: Sallama. Ni ta ɓangaren asibiti da kicin zan shigo. Kawu, ka ce kifi abinci ne, haka ne, amma ba kowane bas zan zuba wa yarana ba. Akwai sinadarin makuri da ke fita da hayaƙin masana'antu, musamman masu ƙona kwal, ya sauko cikin ruwa, ƙwayoyin bakteriya su juya shi ya zama irin da ke maƙalewa a tsoka. Ƙaramin kifi ya ɗauki kaɗan, bas ya cinye dubunsu, duk ya taru a jikinsa. Gwargwadon tsufansa da girmansa, gwargwadon abin da ya tara. Kuma ba ya fita da wanki, ba ya fita da suya, ko kin cire fata da kitse yana nan, don a cikin naman yake. Illarsa ta fi yawa ga ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki da ƙananan yara. A Fulorida tun 1989 aka fara gargaɗin mutane kan cin bas na fadamun Everglades, kuma kusan kowace jiha tana da jerin ruwayen da ta ce a taƙaita ci ko a bari gaba ɗaya. Mai ciki da mai shayarwa su duba na jiharsu kafin su ɗora tukunya.

Don haka ni ƙaton nan na hoto, ko kyauta Baban Khalifa ya kawo min ba na so. Namansa ma ya yi gauri. Amma ɗan inci 14 ko 15 daga ruwa mai kyau, a sa shi cikin ƙanƙara tun a bakin ruwa, a feɗe fatar don ita ke riƙe ƙarnin ciyawa, a murza masa lemon tsami da tafarnuwa da citta da ɗan yaji, a soya, wallahi fari tas, ba yawan ƙaya. Masu cewa bas ba daɗi, na ruwan zafi suka bari ya wuni a rana.

Kawu Bakabe: To ni ƙaton ma ban ce dole a ci ba, Hajiya. In guba ce a jikinsa a bar shi, amma a bar shi tun farko, kada a je nemansa.

Maman Iman: Akwai kuma abin da ba a faɗa ba. Mu da muke zuwa bakin ruwa da bokiti da kujerar roba mun san irin kallon da wasu masu jirage ke yi mana. Wata rana maigidana ya saka bas biyu a bokiti, duka sun cika ma'aunin doka, lasisinsa na aljihu, wani ya rage gudun jirginsa musamman don ya gaya masa wai irinsu ne ke lalata tafki. Jirgin nan kuɗinsa ya fi na motarmu. Galibin masu tsayawa a gaɓa baƙaƙen fata ne da baƙin haure da tsofaffi masu ɗan fansho, kuma abincin dare suke nema. Wanda ya ƙoshi ne ke da sararin mayar da abinci ruwa, sannan ya dawo yana yi wa mai yunwa wa'azi.

Baban Khalifa: Wannan rashin tarbiyya ne, Hajiya, ba na goyon bayansa. Wanda ya ɗauki abin da doka ta ba shi ba ruwan kowa da shi.

Kawu Bakabe: Allah ya gafarta Malam, kana gani ka yi shiru. A warware mana.

Malam: Ina biye da ku, Alhaji. Ba fatawa zan bayar ba, tunatarwa ce. Asalin kamun kifi halal ne, aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta mana farautar ruwa da abincinsa. Amma duk wanda ya durƙusa gaban malami ya karanta Risala ya bi ta kan maganar nan, cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba don wasa ba kuwa halal ce. Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. To ni a fahimtata niyya ce ke raba mutum biyun nan. Wanda ya fita neman na miya, ya kama wanda doka ta hana, ko wanda cinsa zai cutar da iyalinsa, ko uwa mai ƙwai, ya mayar da ita cikin sauƙi, ban ga abin zargi ba, gyara ma ya yi. Wanda kuwa tun daga gida ya ƙudurta ko ɗaya ba zai ci ba, daɗin fizgar zaren da hoto kawai yake so, shi ne ya fi kusa da abin da aka karhanta. Ban ce haramun ba, kada a ɗora min.

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, hutun rai ba amfani ba ne? Mutum ya yi mako yana aikin awa goma sha biyu, ya samu safiya ɗaya ya raba ɗansa da waya ya kai shi bakin ruwa. Kuma kuɗin lasisinmu da harajin da aka ɗora wa kayan fatsa tun dokar 1950, da su ake kula da ruwayen nan da kowa ke amfana.

Malam: Amfani ne babba. Ka je ka huta, ka kai yaron, ka kuma yi niyyar kawo biyu gida. Me ya yi zafi?

Na Hambog: Ikon Allah, maganar Malam kusan ita ce dokar da muke ƙarƙashinta a nan Jamus. Mu bas ba shi ne kifinmu ba, amma hukuncin ya hau kowane kifi. Dokar kare dabbobi ta hana a jawo wa dabba ciwo ko wahala ba tare da dalili mai ma'ana ba, kuma ci shi ne dalilin da aka fi yarda da shi. An sha cin mutane tara don sun kama ƙaton kifi sun tsaya hoto sun sake shi. A yawancin jihohi sai ka ci jarrabawa kafin a ba ka lasisi, har da yadda za ka buge kan kifi ya suma ka soke shi nan take, kada ya daɗe yana shure-shure. Wanda bai kai girman doka ba kuwa dole ka mayar. Suwizalan ma a 2008 ta fito da dokar hana zuwa kamun kifi da niyyar saki. Abin dariya, masu son saki a nan sun samo dabara, sai mutum ya ce ai kifin ne ya suɓuce masa daga hannu.

Baban Khalifa: To tunda maganar wahala ake, Kawu, a yi min afuwa in tambaya. Kifin da ya kwana a maƙale cikin kalli, ko wanda aka jefa cikin kwale-kwale yana haki har ya mutu a rana, da nawa da ya yi minti ɗaya a hannu ya koma gidansu, wanne ya fi shan azaba?

Kawu Bakabe: Na kalli ya fi shan wuya, ban musa ba. Amma wuyarsa ta ciyar da gida. Taka wuyar wa ta ciyar?

Auta: Wai ma tsaya, kifi yana jin zafi kuwa?

Ɗan Maraɗi: Masana ba su gama faɗa a kai ba. A 2003 Lynne Sneddon ta gano jijiyoyin jin rauni a fuska da leɓen wani kifin ruwan sanyi, kuma da aka sa musu dafin ƙudan zuma ko ruwa mai tsami a leɓe sai suka daina cin abinci na wani lokaci, wasu suna goga bakin a tsakuwa. Wasu masanan irin su James Rose sun ce wannan martanin jiki ne kawai, ƙwaƙwalwar kifi ba ta da sashen da ke sa mutum ya san yana jin ciwo. Ni dai na fi karkata ga cewa yana ji, ko da ba irin namu ba ne.

Injiniya: Ina kwananku, mu nan Japan gari ya waye. Na karanta duka, kuma ina so Baban Khalifa ya zo tafkin Biwa da wannan aƙida tasa mu gani. A 1925 wani attajiri, Akaboshi Tetsuma, ya kawo bas daga Amurka ya zuba a tafkin Ashi. Masu sha'awa suka yi ta ɗibarsa suna kai wa wasu ruwaye, har ya shiga Biwa, tafki mafi girma a ƙasar, mai kifayen da babu su ko'ina a duniya sai nan. Bas da bulugil suka far musu. Masuntan gargajiya da ke kama wani kifi da ake yin tsohon abincin yankin da shi suka ga kamu yana ta raguwa. A 2003 jihar Shiga, inda Biwa yake, ta hana mayar da bas ruwa in ka kama shi, a 2005 kuma dokar ƙasa ta saka shi cikin baƙin halittu masu ɓarna. Bakin tafkin akwai akwatuna da aka ajiye musamman, ka kama ka jefa a ciki, a kwashe a sarrafa. A gidan tarihin tafkin har soya shi ake yi a sayar wa baƙi. Kuma a wannan ruwan ne Manabu Kurita ya kama mai kilo 10.12 a watan Yulin 2009, wanda aka ce ya yi kunnen doki da na George Perry. A Teksas mai saki shi ne mutumin kirki, a Shiga shi ne mai karya doka, kifin kuwa ɗaya ne.

Ɗan Maraɗi: Ko a cikin Amurka haka ne. A kogin Columbia, jihohin Oregon da Washington sun cire iyakar adadin bas ɗin da mutum zai ɗauka, saboda yana cinye 'ya'yan kifin salmon. Can ba gidansa ba ne, kai shi aka yi.

Kawu Bakabe: Ai mu ma giwan ruwanmu da muke taƙama da shi, da aka zuba shi a tafkin Victoria a shekarun 1950, ƙananan kifaye iri-iri ya shafe. Wannan na yarda. Amma har yanzu ba wanda ya gamsar da ni cewa mutum mai hankali zai bar gidansa da niyyar huda bakin kifi ya dawo ba komai.

Baban Khalifa: Ni kuma ba wanda ya gamsar da ni in kashe uwa mai fam 8. Ƙanana na ji, Hajiya ta turo min yadda take haɗa yajin nan. Wanda ya haɗiye ƙugiya yana zubar da jini ma, in doka ta bari, zan sa shi a ƙanƙara. Amma babba tana komawa ruwa, ko a gaban Kawu ne.

Ɗan Maraɗi: Ka ƙara da na kan sheƙa, Yaya. Da bazara namijin ne ke gadin ƙwai a wuri mara zurfi, kana ganinsa da ido, kuma komai ka jefa sai ya kai masa cizo don kare gida yake. Mintunan da ya yi a hannunka sun isa bulugil su yi wa ƙwan wawa. Ka sake shi lafiya lau, ya koma ya tarar da wayam.

Baban Khalifa: Wannan kuma ka taɓo lokacin da aka fi kama manya a shekara. Sai na yi tunani.

Malam: Ni wata magana ce ma ta tsaya min a rai tun ɗazu. Baban Khalifa, ka ce mutum 106 kowa ya zuba dala 100, wanda kifinsa ya fi nauyi ya ɗauki kyauta. Kuɗin kyautar daga ina suke fitowa? Kuma 'yan gasannin ƙarshen mako da kake shiga, su ma haka ake yi?

Baban Khalifa: Allah ya gafarta Malam, akasari daga kuɗin shiga ne, wani lokaci kamfanonin kayan fatsa su ƙara wani abu.

Malam: Wato kowa ya zuba, mutum kaɗan su kwashe, saura su tafi da asara.

Baban Khalifa: Amma ƙwarewa ce Malam, ba sa'a ba.

Malam: To wannan sai mun zauna.

Mai kula da zaure: Jama'a, dare ya yi wa na gabashin Amurka, wasu da aikin asuba. Maganar kuɗin gasa a ɗaga ta zuwa gobe bayan isha'i. Baban Khalifa, ka zo da takardar ƙa'idojin gasar taku Malam ya gani da idonsa.